Kada Wayarka Ta Shiga Gonar Wani: Kuɗin Kati Da Intanet A Ƙetaren Iyaka

Gaisuwa ga makiyaya na ruga da na kan burtali, da fatake da 'yan kasuwar Konni da Illela, Maraɗi da Jibiya, Magarya da Maigatari, Gaya da Kamba, da direbobi da 'yan kabu-kabu masu kai da kawowa a tsakani. Zancenmu na yau kan wayar salula ne: kuɗin da take ci idan mutum ya ƙetare iyaka, da inda za ka samu intanet ba tare da ka biya ko dala ba.

Akwai koken da kowa ya saba ji a tasha da kara. Mutum ya sa kati da dare, bai kira kowa ba, gari na wayewa ya duba babu ko sisi. Sai ya ce kamfani ya yi masa sata. To, sau da yawa abin da ya faru shi ne wayar ce ta yi kiwo a gonar wani. Kai makiyayi ka san dokar: in saniya ta kuɓuce ta shiga hatsin mutane, ba a tambayar ko da saninka, kai ne mai biyan ɓarna. Haka waya take. Don haka yau dabaibayi za mu koya.

Mene ne romin?

Layin da ke cikin wayarka, wanda wasu ke kira sim wasu pus, na ƙasa ɗaya ne. Lambar Nijar tana farawa da 227, ta Najeriya da 234, ta Benin da 229, ta Chadi da 235. Muddin kana ƙarƙashin eriyar kamfaninka, farashin gida kake biya. Da zarar ka yi nisa da ita, sai wayar ta nemi eriyar wani kamfani na ƙasar da ka shiga ta rataya a jikinta. Wannan baƙunta ita ake kira romin, masu Faransanci su ce itinérance. Kamfanin da ya sauke ka yana cajin kamfaninka, shi kuma ya cire daga katinka. Ko da sunan kamfanin ɗaya ne a ƙasashen biyu, kamar Airtel da ke Nijar da Najeriya, kowanne da lasisinsa da lissafinsa, kuma kai baƙo ne a wajen na ƙetare.

Abubuwa uku ke canzawa idan kana romin. Na farko, kiran da kake yi yana ƙara tsada. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, amsa kira ma yana iya cin kuɗi. A gida mai kira shi ke biya, amma a ƙetare galibi har da kai mai ɗauka. Na uku, wanda ya fi kowanne ɓarna, shi ne intanet. Forfen da ka saya a gida, wato datar mako ko ta wata, yawanci ba ya aiki a ƙetare. Sai wayar ta koma cin katin kira kai tsaye, mega bayan mega, a farashin baƙo. Kuma ba sai ka taɓa ta ba. Tana cikin aljihu WhatsApp na sauke bidiyon da aka turo a guruf, Facebook na sabunta kansa, kuɗinka na tsiyaya.

Ga wani abin lura kuma: rezo bai san iyaka ba. Tsakanin Nijar da Najeriya akwai iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne shimfiɗaɗɗe. A irin wannan fili eriya guda na iya kai wa nesa ƙwarai, har kusan kilomita 35 idan babu abin da ya tare ta. Ke nan kana zaune a rugarka cikin ƙasarka, ba ka ga duwan ko kwastan ba, amma wayarka ta riga ta ƙetare. Alamar ita ce harafin R da ke fitowa kusa da sandunan rezo a saman waya, ko ka ga sunan wani kamfani daban, ko saƙon barka da zuwa wata ƙasa ya shigo maka.

Ina batun romin kyauta da ake faɗa?

Za ka ji wasu na cewa ai an soke kuɗin romin a Afirka ta Yamma. Ga yadda maganar take. A watan Disamba 2017 ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta amince da wata ƙa'ida da ta ce matafiyi zai amsa kira kyauta har kwana 30 a wata ƙasar ƙungiyar, ya kuma yi kira da farashin 'yan gari. Amma ƙa'idar ba ta aiki sai ƙasashe biyu sun zauna sun shirya tsakaninsu. Ghana da Kodebuwa ne suka fara a 2023. Ita kuma Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, sun sa hannu kan tasu yarjejeniyar cire kuɗin romin a watan Nuwamba 2024, sannan fitarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Najeriya ba ta cikin waccan yarjejeniya ta ƙasashe uku. Saboda haka kai mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ko Damagaram da Kano, kada ka ɗora lissafinka kan labarin bakin tasha. Kafin ka tashi, ka kira kamfaninka ko ka shiga ofishinsu ka tambayi abu uku: nawa ne minti ɗaya in na kira, nawa ne in aka kira ni, nawa ne mega ɗaya.

Dabaibayi huɗu

Na farko, ka kashe romin na intanet. Ka shiga saitin waya, wurin da aka rubuta sim ko rezo. In wayarka da Turanci take za ka ga Data roaming, in da Faransanci ce za ka ga Itinérance des données. Ka kashe shi ka bar shi a kashe. Kira da saƙo za su ci gaba da shigowa, intanet ne kawai ba zai buɗe a eriyar ƙetare ba. In ba ka karatun boko, ka miƙa wa yaronka ko mai cajin waya da ka yarda da shi, aikin minti ɗaya ne.

Na biyu, ga mazauna bakin iyaka: ka ɗaure wayar a turkenta. A cikin saitin nan dai akwai inda waya ke zaɓen rezo da kanta. Ka cire wannan, ka zaɓi kamfaninka da hannu. Daga nan ba za ta ƙara tsallakawa ba. Sai dai a kula, makiyayin da zai nutsa daji inda eriyar gida ba ta kai wa, ya mayar da zaɓen yadda yake tun kafin ya yi nisa. Ranar da dabba ta kwanta ko wani ya yi rashin lafiya, gara kira mai tsada da rashin kira ɗungurungum.

Na uku, ka yi wa WhatsApp linzami. A cikin saitinsa akwai wurin ajiya da data, inda ake zaɓen abin da zai sauke da kansa. Ka cire hoto, murya da bidiyo duka, musamman a layin da aka rubuta na romin. Sai abin da ka danna da yatsanka ne zai sauka. A nan kuma akwai maɓallin rage cin data lokacin kira, ka kunna shi. Ka riƙe wannan a ka: rubutu kusan ba ya cin komai, saƙon murya kaɗan yake ci, kiran murya na minti ɗaya galibi bai kai mega ɗaya ba, amma bidiyo shi ne kura. In dillali na son ganin bijimi, hoto biyu masu kyau sun wadatar.

Na huɗu, wanda ya fi duka sauƙi ga mai yawan ƙetarewa: layi biyu. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, Tecno ko Itel, gida biyu gare su. Ɗaya na Nijar, ɗaya na Najeriya. Kana ƙetarewa sai ka juya intanet zuwa layin ƙasar da ka shiga, ka sayi datar 'yan gari. Kada ka ji tsoro, WhatsApp ɗinka ba zai ɓace ba, yana nan kan lambar da ka buɗe shi da ita ko ka canza layin data. Tsohon layin kuma ka bar shi a kunne don saƙon banki ko na turo kuɗi, tunda karɓar saƙon rubutu galibi ba a cajinsa. In aka kira ka a kansa, kada ka ɗauka, ka mayar da kira ta layin gari ko ta WhatsApp.

Amma layin nan na biyu, da sunanka za ka yi masa rajista. A Najeriya tun ƙarshen 2020 ake haɗa layi da lambar NIN, a Nijar ma sai da katin shaida. Ka je ofishin kamfani da takardunka. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a gefen kasuwa. Ba ka san abin da aka aikata da shi ba, kuma a wannan zamani na tsaro, ranar da jami'i ya duba, kai za a riƙe. Sannan layin da aka bari watanni ba a taɓa shi ba, kamfani na rufe shi har ya sayar wa wani. Mai tafiya mashekari na tsawon damina ya riƙa sa masa ɗan kati yana yin kira ko sau ɗaya a wata.

To, ina intanet na kyauta?

Akwai shi, amma ba a daji ba. Wifi ake ce masa, kuma ana samunsa a wasu otal-otal, filayen jirgin sama, wasu ofisoshi da shaguna a manyan garuruwa. Mai zuwa Kwatano, Lome, Dubai ko Saudiyya zai ci karo da shi. Dabarar ita ce ka sa wayar a yanayin jirgin sama, alamar ɗan jirgi ke nan, sannan ka kunna wifi kaɗai. Layinka ya yi barci, babu abin da zai ci kati, amma WhatsApp na aiki. Wannan ita ce dabarar masu yawon buɗe ido a manyan jiragen ruwa. A tsakiyar teku babu eriyar ƙasa, sai ta jirgin mai amfani da tauraron ɗan adam, farashinta kuwa yana da tsada ƙwarai. Don haka masu wayo cikinsu sukan rufe layi, su jira jirgi ya tsaya a gaɓa su nemi wifi a gari.

Wifin da ya fi kusa da mu kuwa yana aljihun mai masaukinka. Duk babbar waya na iya raba intanet ɗinta ga wata. In ka sauka wajen dillalinka a Maigatari ranar Alhamis, ka roƙe shi ya buɗe maka na minti biyar, ka tura saƙonninka, ka ji farashi, ka rufe. In ka ga dama ka sa masa ɗan kati, ya fi maka araha nesa ba kusa ba.

Sai dai jama'a, araha ba ta ado. Wifin da ba shi da makulli, wanda ba ka san mai shi ba, kada ka buɗe asusun banki ko na turo kuɗi a kansa. Ka tambayi mai wurin sunan wifinsa na gaskiya, don ɓarayi na buɗe nasu da suna mai kama da shi. Saƙon da ke yawo a guruf wai danna nan ka samu giga 50 kyauta, ko wai gwamnati na rabon data, tarko ne. Wanda kuma ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa, ya koma yana roƙon kuɗi wajen abokan cinikinka da sunanka. Ko ya ce daga kamfani yake, ko ya kira sunan mahaifinka, kada ka ba shi.

Guzuri tun daga gida

Abubuwa da yawa ba sa bukatar intanet ko kaɗan in ka shirya. Ka ɗauki hoton katin shaidarka, takardar allurar dabbobi da takardun kaya, su zauna cikin waya. Taswirar Google Maps ana iya sauke ta yankin da za ka tun kana gida, kuma alamar da ke nuna inda kake tsaye ba ta cin data. Karatu, wa'azi ko bidiyo, ka karɓa wajen abokin tafiya ta Bluetooth ko Xender, kyauta ne. Lambobin da kake ajiyewa ka sa musu 227 ko 234 a gaba da alamar tarawa, don su shiga ko daga wace ƙasa ka kira. Rediyon FM da ke cikin waya ma ba ruwansa da kati, ka sa abin kunne kawai ka kamo mu.

Kafin tafiya ta gaba, Alhaji, Hajiya, Ardo, a zauna da waya minti biyar a yi waɗannan gyare-gyare, a kuma yi wa maƙwabcin da bai ji shirin ba. Kuɗin da aka tsare ya sayi dusa ko ya biya mota. Mai tambaya ya aiko ta layin tashar kamar yadda aka saba, za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a dukiya da kasuwa. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.