Hitar Bango: A San Ciwo Kafin A Nemi Magani

 

Hunturu ya kama a nan Ingila, kuma kukan gidajenmu ɗaya ne: boila na ci, kuɗin gas na hauhawa, ɗaki kuwa sanyi ƙalau. Kafin kowa ya ƙara wuta, ya fara taɓa hitar da hannu, domin ruwan zafi ne ke zagayawa a cikinta, kuma inda bai kai ba nan ciwon yake. Idan ƙasanta da zafi, samanta da sanyi, ga ƙarar ɓulɓul, iska ce ta taru a sama ta tare wa ruwa hanya. Idan saman ne da zafi, ƙasan da sanyi, baƙar lakar tsatsa ce ta kwanta, sai mai gyara ya wanke ta. Iska kuwa kowa na iya fitar da ita: a kashe boila, a bari hitar ta huce, a tara tsumma, a sa ɗan makullin hitar a bawul ɗin kusurwar sama a murɗa kaɗan. Za ta fito da huci. Da ruwa ya biyo baya, a rufe. Sannan a duba agogon matsin ruwa na boila, a galibin gidaje allurar tana tsayawa tsakanin 1 da 1.5.

Wani zai ce, tunda abin da sauƙi, duk ranar da iskar ta dawo sai a sake murɗawa. Nan ne kuskuren. Iskar da ta shiga lokacin cika bututu tana ƙarewa bayan fitarwa ɗaya ko biyu. Wadda ke dawowa bayan 'yan makonni tana nuna yoyo, ko kuma haidirojin ce da ƙarfe ke fitarwa yayin da ruwa ke cin sa daga ciki. Ba ta da wari, amma tana kamawa da wuta, don haka kada a gwada ta da ashana. Kuma duk sabon ruwan da aka ƙara yana kawo iskar da ke ciyar da tsatsar, har hitar ta huje. Maganinta wanke bututu da zuba sinadarin hana tsatsa.

Wani kuma zai ce gidan haya ne, ba ya son rigima. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Dokar haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran na'urorin ɗumama gida, kuma boila ba mai buɗe ta sai ma'aikaci mai rajistar Gas Safe. Iskar cikin hita ba gas ɗin girki ba ce. Wanda ya ji warin gas ya buɗe tagogi, ya kira 0800 111 999.

Ina roƙon matasanmu su zagaya gidajen dattawa su duba musu kowace hita, duk inda iska ke dawowa a rubuta wa mai gida. Allah ya tsare mu.