Wa'azi a Kan Amanar Ƙananan Yara da Sharuɗɗan Masu Renonsu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam da rauni, Ya sanya jinƙansa a zukatan iyaye. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai, Allah Ya gafarta muku, da ku almajirai, Allah Ya buɗe muku, ku sani zamani ya zo da wani al'amari, shi ne yawaitar gidajen reno, inda uwa take ajiye ɗanta da safe ta tafi neman abinci, ba ta dawowa sai la'asar. Mu ma makarantunmu na allo sun shiga wannan hukunci, domin ana turo mana ɗan shekara 3 bayan yayansa, ba don karatu ba, sai don gida ya sarara. Wanda duk ya karɓi irin wannan yaro, to ya zama mai reno, ko ya so ko ya ƙi.

Zan fara da laifin kaina. Wata damina ina zaune a zaure da yara 70 da ɗoriya, ni da gardi guda, muna biya wa manya. Ashe wani ƙaramin yaro ya sulale ta ƙofar baya, ba wanda ya gan shi. Ba mu farga ba sai da wata mai tallan fura ta shigo da shi a kafaɗa, jiƙe sharkaf, ta tsamo shi daga bakin kududdufi. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Da uwarsa ta zo ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi: "Malam, ai na ɗauka idonka yana kansa." Wallahi har yau wannan magana ba ta bar ni ba, domin ban ma san adadin waɗanda suka zo a ranar ba.

Fasali. Hukuma a Nijeriya ta ajiye ƙa'idodi a kan wannan. A shekara ta 2003 aka yi dokar haƙƙin yara. A 2004 dokar ilimin bai ɗaya ta shigar da renon ƙananan yara cikin abin da ake kula da shi. A 2007 aka fitar da mafi ƙarancin sharuɗɗan da wurin reno zai cika, kamar ɗaki mai iska, da ruwa mai tsabta, da makewayi, da shinge, da akwatin magani. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta iyakance mai reno 1 ga jarirai 10, malami 1 ga yara 25. Da wani almajirina ya karanta mini waɗannan, sai na ce ai na san su tun gabanin haka, a littattafanmu.

In wani ya ce wannan bidi'ar Nasara ce, me ya haɗa mu da ita, sai mu ce masa ya buɗe Muhtasar na Shaihu Halilu, babin reno. A can ya shardanta wa mai reno hankali, da iya ɗawainiya, har ya fitar da tsohuwar da tsufa ya gajiyar. Ya shardanta wuri tsararre, da amana, kuma in an yi jayayya mai renon ne zai tabbatar da amanarsa. Ya shardanta kuɓuta daga cuta mai cutarwa irin kuturta, da shiriya. To ku duba, waɗannan sharuɗɗa a kan uwa da kaka da inna aka ɗora su, masu jini guda da yaron. Ina ga bare wanda yake karɓar lada? Shi ya fi cancanta a bincike shi. Haka Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 ta Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban masu koyarwa, ya iyakance bulala, ya hana dukan fuska da kai. Ashe sa wa malami iyaka gadonmu ne, mu muka yar.

Fasali. In an bar bincike, ɓarna takan kai inda ba a zato. A 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300, yara da manya, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, alhali ana kiran wurin makaranta. A ƙarshen 2021 aka sace yarinya 'yar shekara 5 a Kano, a farkon 2022 aka gano mai makarantarsu ne ya kashe ta. Sa'an nan gwamnatin Kano ta soke takardun izinin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a shekarar 2022. Bincike ya zo, amma bayan an rasa rai.

Ba na ɓoye muku, takardar izini ita kaɗai ba ta renon yaro. Mai duba makarantu in ya tsaya bakin ƙofa ya karɓi na goro ya juya, ya ci amana, wanda ya ba shi ma ya ci. Kuma jarirai 10 a hannun mace guda, a ganina, sun yi yawa, domin hannu biyu gare ta, baya guda. Iyaka ce ta hukuma, mai tsoron Allah ya tsaya ƙasa da ita.

In malami ya ce ni matalauci ne, ina zan sami gini, sai mu ce mafi yawan abin da ake nema ba na kuɗi ba ne. Ka ƙidaya yaranka da safe, ka ƙidaya su lokacin tashi, ka rubuta sunan kowa da na waliyyinsa. Ka rufe rijiya, ka rufe randa, ka toshe ƙofar da ba ido a kanta. Ka raba ƙanana da manya, ka wakilta musu babban mutum amintacce, ba yaro ɗan'uwansu ba. Wanda ya tashi da zazzaɓi ko gudawa ko ƙurajen ƙyanda, a ware shi, a kira iyayensa nan take, a kai shi asibiti, addu'a ba ta hana magani. A wanke hannu da sabulu bayan makewayi da gabanin cin abinci. Kada a miƙa yaro ga wanda ba a sani ba, ko da ya ce shi kawunsa ne. Abin da ya fi ƙarfinka, kamar makewayi da shinge, wannan yana wuyan jama'ar unguwa da mawadatansu. In kuwa ba ka iya ko ɗaya, to ka ce wa iyaye ba ka iyawa, wannan ya fi maka sauƙi ranar hisabi.

Ku kuma iyaye, ku shiga ku gani da idonku. Wurin da aka hana uwa shiga, kada ta bar ɗanta a cikinsa. Ni dai tun daga waccan damina ba na karɓar ɗan ƙasa da shekara 5 sai in akwai mai kula da shi, kuma ƙofata a buɗe take ga mai son dubawa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mana zuriya, Ya gafarta mana abin da muka yi sakaci a cikinsa. Allah Shi ne mafi sani.