Gani Ya Kori Ji: Koyar da Bayoloji da Abin da Ke Ƙasar Gobir

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai

 

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan yadda ake koyar da darasin Bayoloji, wato ilimin halittu masu rai, a makarantunmu na sakandare na Sabon Birni da Isa. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya miƙe gaban malamansa ya yi maganar koyarwa, saboda haka ina neman izninku, iyayenmu, kafin in fara.

Kamar yadda muka sani, Bayoloji kashi biyu ne: akwai darasin aji, akwai kuma aikin gwaji da hannu. Na farkon yana tafiya ko'ina, muddin akwai allo da alli. Na biyun ne yake ciwo. A makarantu da yawa na karkara, yaro yakan shekara uku a babbar sakandare yana kwafar hoton kifi daga allo, ba a taɓa ajiye masa kifi a gabansa an ce ya ƙirga fukafukinsa ba. Alhali kuwa a manhajar da hukumar WAEC ta daɗe tana aiki da ita, takardar gwaji tana ɗauke da maki 80 cikin 200, tsawon awa biyu. A ranar nan za a ajiye wa yaro ƙashi ko ƙwaro ko 'ya'yan itace, a ce ya duba, ya zana, ya bayyana. Wanda bai saba ba, sai hannu ya ɗau rawa. Daga nan ƙofar karatun likita da jinya da aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take rufe wa yaranmu da dama.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Gaskiya ne, kuma halin tsaro ya ƙara dagula al'amarin. Ba mu manta ba, a watan Disamba na 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, har da na Isa da Sabon Birni. Babu malami mai hankali da zai kwashi yara ya nufi daji da su da sunan nazarin itatuwa. To, amma abin da nake so in nuna a yau shi ne, yawancin abin da manhaja take bukata yana nan cikin harabar makaranta, da gonar bayan gari, da kasuwa, da mahauta. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Mu fara da gona. Duk ɗan da ya tashi a ƙasar nan ya san ana shuka wake tsakanin gero, amma kaɗan ne suka san dalili. Malami ya sa a tugo wake guda da saiwarsa, a wanke, yara za su ga 'yan ƙuraje a jikin saiwar. A tsaga ɗaya da reza, za a ga cikinsa ja-ja. Nan ne gidan wasu ƙwayoyin bakteriya masu ɗebo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki. Darasin da ake wahalar haddacewa ya zauna ke nan cikin minti 20. Sai malami ya ɗora da gawo, wanda shi ma dangin wake ne, kuma yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa gero yake kyau a ƙarƙashinsa. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi sun riƙe wannan ilimi tun daga 1983, lokacin da aka fara ƙarfafa wa manoma su riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon sassabe shi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar.

Haka kuma ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Littafi yana kawo misalin tsiro mai cin jikin wani tsiro da sunayen da yaro bai taɓa ji ba, ga shi kuwa ƙuduji yana cinye geron ubansa. A haƙo shi a hankali tare da gindin geron, a wanke ƙasar, a ba yara madubin hannu su ga inda ya manne wa saiwa yana tsotso. A gaya musu cewa gindi ɗaya yana zubar da iri dubun dubata, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar gero ko dawa ta taso kusa da shi. Yaron da ya ga wannan zai koma gida ya ce wa babansa a tuge ƙuduji tun kafin ya yi 'ya'ya.

Sai ruwa. Allah ya ba mu Gulbin Rima da Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, ga fadamu ga tafkuna. Malami ya je wurin masunta a kasuwa ya sayo tarwaɗa da karfasa, ya ajiye su jere, yara su gwada mai ɓawo da marar ɓawo, su ɗaga murfin kunne su ga inda kifi yake numfashi. In an yi sa'a a samo gaiwa. Gaiwa kifi ce mai huhu, wadda idan fadama ta ƙafe take shiga cikin laka ta naɗe kanta da yauƙi, ta kwanta har ruwa ya dawo. Masana a ƙasashen Turai suna kashe kuɗi don su ga wannan halitta, mu kuwa yaranmu suna haƙo ta da fartanya.

Daga kwata ko tsohuwar taya, a ɗebo tsutsar sauro a kwalba, a rufe bakin da ƙyallen gidan sauro. Cikin kwana 10 ko kusa da haka yara za su ga tsutsa ta rikiɗa ta zama sauro. Za su kuma lura cewa wata tsutsar tana kwanciya a miƙe daidai da saman ruwa, wata tana rataye kai ƙasa. Mai kwanciyar nan ita ce ta sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. A ɗiga mai kaɗan a kwalba ta biyu, kashegari a ga abin da ya samu tsutsar, a tambayi yara dalili. Wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross sai a 1897, a ƙasar Indiya, ya tabbatar cewa ƙwayar cutar tana rayuwa a cikin sauro. Abin da ya ɗauke shi shekaru, ɗan aji huɗu zai fahimci tushensa cikin mako biyu.

A nan ne kuma ya kamata a yi maganar tsargiya. Har yanzu akwai inda ake ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji a matsayin alamar balaga. Cuta ce, tsutsa ce ke kawo ta, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Ƙwanta yana fita da fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin 'yar katantanwar tafki, ya fito ya huda fatar mai wanka. Malami ne da kansa zai ɗebo katantanwar da ludayi da safar hannu, kada a tura yara cikin ruwan. Duk mai shakkar amfanin irin wannan darasi ya tuna da kurkunu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Babu allura babu ƙwaya. Babban makamin shi ne aka nuna wa mutane cewa wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa ne ke ɗauke da cutar, kuma ƙyallen tacewa yana tare shi. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi.

Don darasin sassan jiki kuwa, Sarkin Fawa abokin aikin malami ne. Jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ce littafin. A sayo zuciya da huhu da ƙoda da tumbi gaba ɗaya. Yara su sa bututu su hura huhu su ga ya kumbura, su tsaga zuciya su ƙirga ɗakunanta huɗu, su buɗe cikin su ga shi ma kashi huɗu ne, wani kamar tawul, wani kamar saƙar zuma, wani kamar shafukan littafi. Ƙasusuwan da aka dafa aka busar kuwa za su yi wa makaranta aiki shekara da shekaru.

Darasin gado shi ne wanda ɗalibai suka fi tsoro, shi ne kuma ya fi shafar gidajenmu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da jinin AS, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da sikila kowace shekara a ƙasar nan. Ga yadda za a koyar da shi ba tare da an huda yatsan kowa ba. A samo ƙwarya biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, kowace a zuba farin wake 50 da jan wake 50. Farin shi ne A, jan shi ne S. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowace ƙwarya, a rubuta, a mayar da waken, a sake, har sau 100. Za a ga ja da ja sun haɗu kusan sau 25. Mayar da waken nan shi ne zuciyar darasin, domin yana nuna cewa kowane ciki sabon lissafi ne. Samun ɗa mai sikila yau bai kare wanda za a haifa gobe ba. Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma doka ba ta shiga zuciya kamar abin da yarinya ta ƙirga da hannunta.

Malamanmu za su shaide ni cewa gwaji ba ya tsayawa shi kaɗai. Ana fara bayani a aji, a fita a gani, a dawo a zana da fensir mai tsini, a ja layin suna da rula, a rubuta kan zane da yawan girman da aka ƙara masa. Kalmomin jarrabawa na Turanci ne, dole yaro ya iya rubuta su daidai, amma babu laifi malami ya fara da sunan da yaro ya sani a gida, sa'an nan ya ɗora masa na littafi.

To, mene ne namu a ciki, mu 'yan ƙungiya? Ina ba da shawara mu haɗa akwatin gwaji guda: madubin hannu kamar 40, da reza da almakashi da safar hannu, da kwalabe, da ruwan aidin na gwajin sitaci, da maikuroskof ko da biyu ne. Akwai ma na takarda mai suna Foldscope, wanda aka fito da shi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2014, yana ƙara girman abu sau 140, kuma ba ya bukatar lantarki. Bayan haka mu ware wa malamin Bayoloji ɗan kuɗin cefane kowane zango, don kada kifi da kayan ciki su riƙa fita daga albashinsa. Daga ƙarshe, likitocinmu da ma'aikatan jinya da malaman gona da ke cikin wannan zaure, kowa ya ɗauki rana ɗaya a shekara ya shiga aji ya riƙa wa malami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon Shugaba ya sa wannan magana cikin abubuwan da za a yanke shawara a kansu kafin mu tashi yau.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya.