MAKIYAYIN DA BA YA KWANA SAI YA ƘIRGA GARKENSA

Karatu: Ezekiyel 34:1-16, Luka 15:3-7

Gaisuwa ta musamman ga masu bi da ke ƙasar Gaya da Ajingi, gama maganarmu ta yau ta fi shafarku.

Babu wanda zai koya mana kiwo a wannan ƙasa. Da almuru, in yara suka koro tumaki da awaki gida, uwargida takan tsaya a bakin garke tana dubawa. Ba sai ta iya lissafin boko ba. Ta san mai baƙin kunne, ta san mai ɗingishi, ta san wadda ta kusa haihuwa. In ɗaya ba ta shigo ba, tuwo ma sai ya jira. A ɗauki tocila, a bi gida gida ana cigiya. Ba mu taɓa jin mai dabbobi ta ce, "Ai saura goma sha tara, sun ishe ni" ba.

Ku kwatanta wannan da abin da ake gani ranar Juma'a a kara ta Wudil. Can ma ana ƙirga, har ma an fi ƙirga. Amma dillali yana ƙirga kai ne da kuɗi. In an loda shanu a mota za a yi kudu da su, ba ruwansa da wadda ta saba da wace. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Sai dai ƙirgar mai saye daban, ƙirgar mai kiwo daban.

Annabi Ezekiyel ya yi wa'azinsa a ƙasar Babila, cikin 'yan bauta. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu aka rushe Urushalima, aka ƙone Haikali. Bayan labarin ya iso gare su ne wannan sura ta 34 ta zo. Dattawanmu da suka ga annobar bushiya ta 1983 sun san yadda mashekari yake zama in garke ya ƙare. Haka jama'ar Allah suka zama a lokacin. Allah kuwa bai fara da zargin tumakin ba. Ya fara da sarakuna da shugabanni, waɗanda suka ci moriyar garken suka bar marasa lafiya da ɓatattu ba mai nema. Daga nan sai ya yi alkawarin da ya fi kome nauyi a surar: aikin da aka ba mutane suka yar, shi da kansa zai ɗauka.

Mun san abin da ke damun wasunku. A ƙauye guda gidan masu bi bai fi biyu ko uku ba. Majami'a tana da nisa, da damina hanya ta lalace. Samari sun tafi cin rani Kano, wasu ba su dawo ba. Akwai gwauruwar da ita kaɗai ce ta rage a danginta mai kiran sunan Yesu. In irin wannan mutum ya ji labarin manyan majami'u na Sabon Gari ko na Jos, inda ake sujada sau biyu sau uku ranar Lahadi saboda yawan jama'a, sai zuciya ta ce masa, "Kai wa ya san da kai?" Ɗan'uwa, wannan ƙirgar kasuwa ce. A misalin da Yesu ya bayar cikin Luka 15, tasa'in da tara suna nan lafiya, duk da haka mai su bai zauna ba. A kan ɗayar nan ya sha wahala, a kanta kuma ya kira maƙwabta su taya shi murna. A Yohanna 10 ya nuna iyakar abin: ɗan ƙodago yakan gudu in ya hango kyarkeci, amma mai garke yakan tsaya har ransa. Wannan tsayawa ita ce gicciye.

Kada wani ya ɗauka cewa kiwon Allah yana nufin ciyawa kore kullum. Rani yana zuwa wa mai bi kamar yadda yake zuwa wa kowa. Amma ku dubi gawo a gonakinmu. Da damina, lokacin da kowane itace ya yi ganye, shi a bushe yake kamar matacce. Sai rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, shi ne zai yi kore, makiyayi ya sa sanda ya kakkaɓo 'ya'yansa dabbobi su ci. Wanda ya shirya gawo domin tumaki tun kafin su ji yunwa, ya san watan da kake ciki.

Yanzu ga tamu, mu fastoci da masu bishara da dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata, gama surar ta fara da shugabanni ne. Littafin baiko muna duba shi kowane mako. Littafin sunaye fa? Wa ya yi wata uku ba a gan shi a sujada ba? Ciwo ne, ko bashi, ko kunya, ko matsin dangi? Ba a sanin wannan daga kan bagade, sai an hau keke ko babur an je. Kafin Lahadi mai zuwa, kowace ikilisiya ta zauna ta kira sunayen mutanenta ɗaya ɗaya, wanda ba a gani ba a sa mutum biyu su je gidansa. Ba da faɗa ba. A gaishe shi, a sha ruwansa, a ji abin da ya faru.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka tuna da 'yan'uwanmu da ke zaune su kaɗai a ƙauyukan Gaya da Ajingi, da samarinmu da ke neman abinci a birni, da marasa lafiya da ba su iya fitowa. Ka ba masu zuwa ziyara a wannan mako ƙarfi da bakin magana. Cikin sunan Yesu, Amin.