Hoton Kyamarar Tsaro: Yadda Ake Juya Shi Ba Tare Da An Ɓata Shaida Ba

Jawabin da aka gabatar a Zadawa, a taron 'yan'uwa mazauna Kurmi da Jos da suka zo gida Sallah

Ina yi wa waɗanda suka taso daga Sabon Ibadan, da Agege, da Jos, da Fatakwal barka da isowa gida.

An umurce ni da in yi bayani a kan kyamarar tsaro da da yawanmu suka kafa a gidaje da shaguna, musamman yadda ake mayar da hotonta zuwa sigar da za a iya kallo a waya ko a yanka a kwamfuta. Wani zai ce aikin yara masu gyaran waya ne. To, amma maganar haƙƙi ce. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar gida ko fili ko'ina a ƙasar nan. Sai dai duk wanda ya zauna a garin wasu ya san cewa ranar da aka fasa shagonsa, ko aka ƙona rumfarsa kamar yadda aka yi a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, bakinsa da na ɗan gari ba nauyinsu ɗaya ba. Maƙwabcin da ya ga komai zai ce barci yake yi. A irin wannan rana kyamara ce mai ba ka shaida, ita kuma shaida tana lalacewa a hannun mai ita.

Da farko dai, akwatin naɗa hoto ba ya ajiya har abada. Idan rumbunsa ya cika, sai ya koma ya riƙa naɗa sabo a kan tsoho. Wani mako guda yake ɗauka, wani ya kai wata, gwargwadon girman rumbun da yawan kyamarori. Don haka idan abu ya faru, a ranar za ka sa filashi ka kwafe, kada ka jira sai 'yan sanda sun nema. Kuma ka kwafo da faɗi, wato daga awa guda kafin abin zuwa awa guda bayansa, na dukkan kyamarorin, ba minti uku na ɓarawo kawai ba.

Daga nan ne matsala take farawa. Ka kai filashin kwamfuta ta ƙi buɗewa. Dalili shi ne kowane kamfani da irin buhun da yake zuba hotonsa. Akwatin Dahua yakan fitar da fayil mai ƙarewa da DAV. Wasu masu araha sukan fitar da mai ƙarewa da 264 ko H264. Na Hikvision kuwa yakan rubuta MP4, amma sau da yawa manhajar yanka bidiyo ta ƙi karɓarsa, domin sunan ne kawai MP4, tsarin cikinsa na kamfanin ne. Kowannensu yana da manhajar kallo tasa kyauta: Dahua na da Smart Player, Hikvision na da VSPlayer. Ka ajiye manhajar a cikin filashin tare da hoton.

Juyawa iri biyu ce, kuma ina roƙon iyayenmu su riƙe wannan ko da ba su ne za su taɓa kwamfutar ba. Ta farko kamar ka juye gero ne daga wannan buhu zuwa wancan: geron bai canza ba, buhun ne ya canza. Manhajar FFmpeg tana yin haka idan aka umurce ta da ta kwafa kawai, kuma cikin ɗan lokaci take gamawa. Ta biyu kamar ka kai geron inji ne. Ana warware hoton a sake matse shi, kuma ko yaya sai wani abu ya zube. Haka HandBrake take yi kullum, VLC ma haka take yi in ba a canza mata umurni ba. Abin da yake zubewa shi ne abin da kake bukata: lambar babur, zanen fuska, rubutun jikin riga. A gwada ta farko tukuna. Sai idan hoton na tsarin H.265 ne, tsohuwar kwamfuta ta kasa, sannan a mayar da shi H.264 a cikin MP4, wanda kusan kowace waya take buɗewa.

Akwai wani tarko da masu shagon kwamfuta ba su cika lura da shi ba. Kyamara takan ɗauki hoto 12 ko 15 a daƙiƙa don tsimin rumbu, manhajar juyawa kuma ta ɗauka 25 ne. Sai ka ga mutumin da yake tafiyarsa a hankali ya koma mai gudu. Ka ga an mayar da mai wucewa abin zargi. Maganinsa shi ne a dubi agogon da ke jikin hoton, a tabbata minti ɗaya a can minti ɗaya ne a nan. Shi kansa agogon akwatin yakan yi kuskure saboda yawan ɗauke wuta da mutuwar ƙaramin batirin cikinsa. Kada ka gyara shi bayan abu ya faru. Ka ɗauki hotonsa kusa da agogon waya, ka rubuta bambancin.

Yanzu ga kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ne ya shafi duk abin da ya fito daga kwamfuta ko na'ura irinta. Yana neman a nuna cewa na'urar tana aiki daidai, kuma ana amfani da ita a kai a kai, da takarda mai sa hannun wanda ke kula da ita, wadda ta bayyana wace na'ura ce da yadda aka fitar da hoton. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. In an yi wa masu neman kujerar gwamna haka, ina ga mai shagon shinkafa? Lauyan ɗaya ɓangaren tambayarsa ta farko ita ce: wa ya taɓa wannan hoto? Idan abin da ke hannunka wanda aka yanka ne, aka tura ta WhatsApp, ita ma ta ƙara matse shi, ka ba shi wuƙa da nama. Ban da haka, fayil na asali yakan zo da hatimin kamfani a ɓoye, wanda manhajarsu take dubawa ta gane ko an taɓa shi, juyawa kuma takan shafe wannan hatimi.

Saboda haka filashi biyu za ka saya. Na farko a zuba na asali, a sa a ambulan, a rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya kwafa. Na biyu shi ake juyawa, a yanka, a kai wa ɗan sanda mai bincike ko Sarkin Hausawa. Ni a ganina, kwafi na uku na asalin ya kamata a aiko da shi nan Zadawa ko Azare wurin ɗan'uwa, domin ranar tarzoma akwatin ake fara ɗauka, ko ya ƙone tare da shagon.

Ba cewa nake yi yankan ba shi da amfani ba. Idan kyamara ta ɗauko matan gida ko yara, a rufe fuskokinsu a kwafin da zai fita. Maƙwabci ma yana da haƙƙi, sashe na 37 ya kare sirrin gidansa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗaga wa amfanin cikin gida ƙafa ne muddin bai keta sirrin wani ba. Kyamarar da ke leƙa tsakar gidan wani a juya ta yau. Sannan ina jan kunnen samarinmu kan sa fuskar wanda ake zargi a Facebook. Mun ga yadda zargi ya cinye matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025. Hoton da ka watsa a garin da kake baƙo, ba kai ne za ka zaɓi a kan wa zai faɗa ba.

Bayan sallar la'asar za mu zauna a zaure da kwamfuta, wanda ya zo da filashi ya kawo a gwada masa.