Gumi Ba Abin Kunya Ba Ne

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da malamansu na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara. Maganar da ke ciki ƙarama ce a baki, amma ta shafi lafiyar manyan ƙasa da ta talakawansu. Maganar kuwa ita ce ta gumi, wanda waɗansu ke kira zufa ko jiɓi, da kunyar da mutane su kan ji idan an gan shi a jikinsu.

Manomi a fadamar Gulbin Zamfara ba ya jin kunyar gumi, haka maƙeri a bakin zugazugi, haka mai dako a kasuwa. Amma da zarar mutum ya sami rawani, ko ya kama alƙalami, sai ya fara ganin gumi na talaka ne. Malamin da tsakanin gidansa da ofis bai wuce tafiyar minti goma ba sai ya hau babur, don kada ya isa gaban hakimi rigarsa ta jiƙe a gadon baya. Dattijon da likita ya umurce shi ya riƙa tattaki sai ya yi kwana biyu ya bari, gama yara sun gan shi yana share goshi. Waɗansu kuma su kan ɗauka saurin gumi alamar rauni ne, ko ƙazanta, ko wata cuta a ɓoye. Wannan kunya tana zaunar da mutane wuri ɗaya, zaman kuwa shi ke jawo cutar da a ke gudu.

Aikin gumi a jiki

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da zafi daidai gwargwado, watau wajen digiri 37 a ma'aunin Salsiyas. Duk sa'ad da mutum ya motsa, naman jikinsa ya kan ƙara zafi, kuma lalle ne wannan zafi ya fita. Hanyar fitarsa mafi girma a ƙasa mai rana ita ce gumi. A cikin fatar kowane mutum akwai 'yan ƙananan maɓuɓɓugai tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, waɗanda ke fid da ruwa bisa fata. Idan iska ta busar da ruwan, sai ya tafi da zafin.

Kowace mace mai randa ta san wannan aiki, ko da ba ta san sunansa ba. Randar ƙasa tana tsatsafo ta waje, iska na busarwa, ruwan ciki na sanyi. Bokitin roba ba ya tsatsafo, saboda haka ruwansa ya kan yi ɗumi. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mutum mai gumi kamar randa ya ke.

Tun a shekarar 1775 wani likitan Ingila, Charles Blagden, ya bayyana gwajin da ya yi a birnin Landan. Ya shiga ɗaki wanda zafinsa ya haura digiri 120, ya yi 'yan mintoci a ciki. Ƙwai da nama da aka ajiye a ɗakin sun dahu, shi kuwa zafin jikinsa bai tashi ba, domin gumi ya tsare shi.

Gumi kusan dukansa ruwa ne, sai ɗan gishiri kaɗan. Sa'ad da ya fito ba shi da wari. Warin ya kan zo daga baya ne, idan gumin hammata da na matsematsi ya daɗe, ƙwayoyin halitta da ke zaune bisa fata suka ci shi. Maganin wannan ruwa ne da sabulu da sauya tufa. Turare yana da kyau bayan wanka, amma ba ya maye gurbin wanka.

Mutane sun bambanta wajen gumi kamar yadda su ka bambanta wajen tsawo. Mai jiki ya fi siriri yi, gama jikinsa ya fi tara zafi. Akwai kuma gado. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ya saba da motsa jiki ya kan riga wanda bai saba ba fara gumi, domin jikinsa ya koyi sanyaya kansa da wuri. Jiki ya kan koyi wannan cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ashe saurin gumi sau da yawa alamar lafiya ce.

Ta wajen addini kuma, malaman Malikiyya sun tabbatar gumin mai rai tsarkakakke ne. Ba ya karya alwala, ba ya ɓata tufar salla. Wanda ya taka zuwa masallacin Juma'a ya isa da gumi, sallarsa ba ta da aibi.

Abin da zama ke jawowa

A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris da abokan aikinsa su ka buga sakamakon binciken da su ka yi a kan ma'aikatan motocin haya masu bene na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka bisa matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma mutuwar fuju'a daga gare shi ta fi yawa a cikinsu ƙwarai. Da su ka duba ma'aikatan gidan waya sai su ka tarar da haka nan: masu yawon raba wasiƙu sun fi malaman da ke zaune a tebur tsira. Wannan darasi ya dace da malamin hakimi sosai, gama aikinsa na zama ne.

Hakiman da su kan fita rangadi bisa doki, malamansu su kan bi su ƙauye ƙauye, mata kuma su kan yi surfe da daka da hannu. Yanzu mota da babur da injin niƙa sun sauƙaƙa wahala, abin godiya ne, amma sun rage motsi. Hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki sun fi samun wurin zama a jikin da ba ya motsi. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idodin da ta fitar a shekarar 2020, ta shawarci kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin wannan. Ma'aunin tafiyar kuwa mai sauƙi ne: mutum ya yi sauri har numfashinsa ya ɗan ƙaru, amma yana iya magana da abokin tafiyarsa. A ƙasa irin Zamfara ba a yin wannan ba tare da gumi ba.

Tun da ya ke rashin tsaro ya sa fita bayan gari ta zama hatsari a wurare da yawa na waɗannan ƙasashe, kada kowa ya shiga daji da sunan tattaki. Cikin gari ya isa: daga gida zuwa masallaci, daga ofis zuwa fada, ko kewaya filin makaranta. Matan da ke cikin gida suna iya kewaya tsakar gida da sassafe.

Yadda za a rage damuwar

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, ko bayan la'asar sakaliya. A bazara, watau watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi a wannan yanki ya kan haura digiri 40, saboda haka a guji tafiyar tsakar rana. A sa tufa ta auduga mai sakwa-sakwa, fara ko mai haske, gama yadin roba yana riƙe gumi. Wanda zai shiga fada ya sa singileti a ciki, ya riƙe babbar rigarsa a hannu ko ya ajiye ta a ofis, in ya isa ya huta a inuwa minti biyar, ya wanke fuska, kana ya sa. A riƙe hankici. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo, gama mai aiki a rana yana iya zubar da lita guda na gumi cikin awa ɗaya. Kada kowa ya rage shan ruwa don ya rage gumi. Wanda fitsarinsa ya yi kaɗan, ya yi ja, ruwa ya ke bukata. A watan azumi a mai da tattakin bayan shan ruwa.

Gumin da ke bukatar likita

Akwai gumin da bai kamata a ƙyale ba. Gumin dare mai jiƙa shimfiɗa, tare da tari na fiye da mako biyu da rama, yana iya zama tarin fuka. Gumi bayan rawar sanyi da zafin jiki yana iya zama zazzaɓin cizon sauro. Gumi mai sanyi tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi yana bukatar asibiti nan da nan. Mai shan maganin ciwon sukari in ya ji gumi da karkarwa da jiri, ya sha abu mai zaƙi, gama mai yiwuwa sukarinsa ne ya faɗi. Akwai kuma waɗanda tafin hannunsu da ƙafarsu ke zubar da gumi ko a lokacin sanyi, har takarda ta jiƙe a hannun malami. Wannan hali sananne ne ga likitoci, kuma akwai abin da a ke yi a kai.

Mafi hatsari shi ne mutumin da zafi ya rinjaye shi. Jikinsa ya kan yi zafi ƙwarai, hankalinsa ya rikice, wani lokaci gumin ma ya ɗauke. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a zuba masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. A watan Afrilu na 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da yawa su ka rasu. A aikin Hajji na wannan shekara kuma alhazai fiye da 1,300 su ka rasu, galibi saboda zafi. Tsofaffi da jarirai su ne kan gaba a wannan hatsari.

Gumi da ƙurar ma'adinai

Akwai magana ɗaya da ta keɓanta da Anka da Bukkuyum. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, inda yara wajen 400 su ka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Ƙura tana manne wa jiki mai gumi da rigar da ta jiƙe. Saboda haka mai aikin dutse ya wanke jikinsa, ya sauya tufa a wurin aiki, kafin ya shiga gida ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a akushi. Kada kuma a yarda da masu cewa gumi yana fid da guba. Tace jini aikin ƙoda ne da hanta, dalma kuwa sai gwajin jini da maganin asibiti.

Abin da a ke roƙon hakimai

Talakawa suna kallon shugabansu. Idan hakimi ya taka da ƙafa zuwa masallaci, ya share goshinsa a gaban jama'a bai damu ba, ya cire wa dattawan garinsa kunya fiye da yadda shela za ta cire. A ajiye randar ruwa a kowace majalisa, a shimfiɗa wa masu jiran ganin hakimi tabarma a inuwa. Kada a tsawata wa malami don ya iso da jiƙaƙƙiyar riga. Malaman makaranta su hana yara yi wa ɗan'uwansu ba'a a filin wasa. Malaman hakimai kuma su karanta wannan takarda ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar wa jama'a.

Hausawa da kansu sun girmama gumi, shi ya sa su ke cewa mutumin kirki guminsa ya ke ci. Allah ya ba shugabanni da talakawansu lafiya da zaman lafiya, amin.