Jawabi A Kan Riƙon Waɗanda Ke Ƙarƙashinmu

Ina neman izni in faɗi kalmomi kaɗan a kan yadda babba zai riƙe ƙananan ma'aikata har aikinsu ya yi kyau.

Wannan magana tsohuwa ce a ƙasarmu. Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, littafin nasiha, a ciki ya lissafa waɗanda ya kamata sarki ya ajiye, har da marubuta da masu lissafi. Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano, don masu hukunci su san iyakarsu. Watau magabata sun gane mulki ba ya tsayuwa sai kowa ya san abin da aka damƙa masa.

To, abu na farko, a raba aiki da suna. A kotu, kadan aka ce kowa yana iya rubuta sammaci, ran da mai ƙara ya yi tafiyar kwana biyu da shaidunsa ya tarar ba a kira abokin shari'arsa ba, wa za a tambaya? Mutumin nan ya yi asarar guzuri da kwanakin noma, ya koma yana cewa babu adalci, alhali kuwa alƙali bai ko ji maganarsa ba.

Na biyu, kada a miƙa wa sabon malami littafi a juya masa baya. A yi aikin a gabansa, ya yi a gabanka, sa'an nan a sakar masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, a duba littafin kuɗi da rasit kowace yamma. Kuskuren sisi da aka gani yau gyara ne, amma in ya kwana wata shida ya zama tuhuma, har yaro ya rasa aikinsa da mutuncin gidansu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: babban da bai duba ba yana da rabonsa a laifin.

Na ƙarshe, a yi faɗa a keɓe, a yi yabo a gaban jama'a. Wanda aka kunyata a gaban masinja ba zai sake kawo kuskurensa ba, sai ya ɓoye shi. Babba kuwa ya riga kowa zuwa ofis, gama na baya sawun na gaba yake bi.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.